Najasa ko Taki? Tambayar Wani Mai Garka a Zauren Liman

Ina neman afuwar iyaye da malamai masu karanta wannan jarida tamu, domin zancen da zan kawo a wannan fitowa ba irin wanda ake yi a gaban manya ba ne. To amma malamanmu sun koya mana cewa babu kunya wajen neman sanin addini, kuma duk littafin fiƙihun da muka buɗe, tun daga Ishmawi har Muhtasar, babin tsarki shi ke gabatar babin salla.

A daminar da ta wuce salangar wani gida ta cika a unguwarmu. Lungun matsattse ne, motar zuƙa ba ta iya shiga, kuma ko da tana shiga maigidan ba shi da kuɗinta. Sai aka yi abin da aka saba yi. Da dare ya raba samari biyu suka tona rami a bakin ƙofa, suka yi ta kwasa da bokiti suna juyewa har gabannin asuba, sannan suka mayar da ƙasa. Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ramin ya buɗe, abin da ke ciki ya bi lungu ya gangara zuwa tafkin da yara ke wasa a bakinsa. Babu wanda ya ce uffan, domin kowa ya san gobe nasa gidan ne.

Ba a yi mako guda ba sai ga wani dattijo mai garka a bayan gari ya tsaya a zauren mahaifina bayan sallar asuba. Da aka gaisa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wasu yara ma'aikatan gona ne suka zo mana da magana, wai a tara fitsari a bido a ajiye shi, in ya kwana biyu a zuba wa shuka a madadin takin zamani. Ni kuwa buhun taki ya fi ƙarfina. Shin salatin da ya tashi da wannan abu ya halatta a ci? Kuma in na saya da kuɗina, cinikin ya yi?" Mahaifina bai amsa nan take ba. Ya ce in shiga ɗaki in ɗauko masa juzu'in farko na sharhin Shehu Dardiri. Waɗannan abubuwa biyu, wato ramin bakin ƙofa da tambayar dattijo, su suka sa na ɗauki alƙalami, domin da na zauna na yi tunani sai na ga ashe magana ɗaya ce.

Abin da muke zubarwa

Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, da UNICEF suka fitar game da shekarar 2022 ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Nijar a fili suke biyan bukatarsu. Yawancinsu mutanen karkara ne, amma kada mu mazauna birni mu yi saurin wanke kanmu. Salangar da ba a kwashe ta yadda ya kamata, jinkirta fitowar ƙazanta kawai take yi. Rijiyoyin unguwa suna kusa da ramuka, ambaliya kuma ba ta bambanta rami da tafki. A shekarar 2018 kwalara ta ɓarke daga yankin Madarunfa ta kama mutum sama da 3,000, a 2021 ta dawo ta kama sama da 5,000 a jihohi da dama. Zawo na yau da kullum kuwa, wanda ba a sanar da shi a rediyo, yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar.

A ɗaya gefen kuma ƙasar nomanmu ta gaji. Lokacin da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a shekarar 2006 domin maganar taki, an lissafa cewa manomin Afirka kilo 8 kacal yake zubawa a kowace hekta, suka yi alkawarin kai shi kilo 50 kafin 2015. Talaka bai ga wannan alkawari a gonarsa ba. Farashin buhu ya yi tashin gwauron zabi a 2008, ya sake yi a 2022.

Abin da tsiro yake nema a cikin buhun taki abu uku ne: azot, wanda wasu ke kira naitirojin, da fosfor, da potas. Hatsi yana zuƙo su daga ƙasa, mu ci hatsin, kuma jikin baligi ba ya riƙe su, kusan duk abin da ya shiga sai ya fita. Abin mamaki a nan shi ne mafi yawansu ta fitsari suke fita: wajen kashi 80 cikin 100 na azot ko fiye, da sama da rabin fosfor da potas. Ƙwayoyin cuta kuwa, na kwalara da zawo da taifot da ƙwan tsutsar ciki, kusan dukkansu a bayan gida suke. Wato Allah Ya riga Ya raba abin gida biyu tun daga jiki, ɗaya mai yawan amfani da ƙarancin haɗari, ɗaya mai yawan haɗari. Mu ne muke haɗe su a rami guda, mu ƙara musu ruwa, su zama kwatami mai wari wanda ba ya bushewa.

Masana sun ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana fitar da fitsari wajen lita 500 a shekara, kuma wannan ya isa ya takince fili mai faɗin murabba'in mita 300 zuwa 400. Waɗanda suka yi aiki a yankin Agiye sun lissafa cewa abin da gida mai mutum tara yake fitarwa a shekara ya yi kusan daidai da buhu ɗaya na yuriya da buhu ɗaya na NPK, kowanne mai kilo 50. Mai karatu ya tambayi kuɗin buhu biyu a kasuwar garinsu.

Kakanninmu ba su san sunan azot ba, amma sun san babu gonar da ta kai kufai albarka, kuma sun san hatsin bayan gari ya fi na nesa baƙin ganye. Shekaru aru-aru jakuna suna fita da toka da shara da kashin dabbobi daga birnin Kano zuwa gonakin kewaye, su komo da itace da hatsi. Saboda haka mayar wa ƙasa abin da birni ya ci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sabon abu shi ne a shigar da na ɗan Adam cikin lissafi, a bisa ƙa'ida.

Abin da aka gwada a Wagadugu

Wannan tsari shi ake kira Ecosan a takardun ma'aikata, wato tsabtar muhalli mai mayar da ƙazanta taki. Gwaji mafi girma da aka yi masa a cikin birni a yankinmu shi ne na Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, daga 2006 zuwa 2009. Cibiyar CREPA ce ta jagorance shi, tare da hukumar ruwa ta ƙasar mai suna ONEA, da kuɗin Tarayyar Turai. An zaɓi sassa huɗu na gefen birni inda talakawa suka fi yawa, masu lamba 17 da 19 da 27 da 30 a lissafin wancan lokaci, aka gina salanga kusan 1,000 a gidaje.

Ga yadda salangar take. Ba a tona rami. Ana gina akwati biyu na bulo a bisa ƙasa, a rufe su da daɓe, a hau da matakala. Daɓen yana da hanya biyu: ta gaba tana kai fitsari ta tiyo zuwa cikin bido mai lita 20, ta baya kuma bayan gida ke faɗawa cikin akwati. Duk wanda ya gama sai ya barbaɗa toka cikin ludayi ɗaya ko biyu. Tokar tana busar da shi, ta kashe wari, ta hana ƙuda, kuma kaifinta yana taimakawa wajen kashe ƙwayoyin cuta. Idan akwati ɗaya ya cika sai a toshe shi a koma ɗayan, a bar na farkon aƙalla wata shida. Ranar da aka buɗe shi, abin da ake tararwa busasshen gari ne mai kama da ƙasa. Da yake babu rami, babu abin da ke tsiyaya zuwa rijiya.

Mu Musulmi da muke tsarki da ruwa, akwai abin lura a nan. Ruwan buta ba ya shiga akwati, in ya shiga aikin ya ɓaci, wari ya tashi. Don haka ake yin gurbi na uku a gefe, inda mutum zai matsa ya yi tsarki, ruwan ya bi tasa hanya zuwa ƙaramin rami mai tsakuwa. Wanda zai gina irin wannan salanga a gidan Musulmi ya bar wannan gurbi, ya yi asarar simintinsa. Kuma ya kyautu magini ya karkatar da mazaunin daga alƙibla. Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi a kan haka idan a cikin gini ne, amma zuciyar mai gida ta fi natsuwa in an kauce, kuma kaucewar ba ta cin ko dala.

Abin da ya bambanta aikin Wagadugu shi ne an yi tunanin mutumin birni ba shi da gona a bayan ɗaki. Sai aka kafa ƙungiyoyin unguwa masu amalanken jaki, suna zagayawa gida gida suna ɗaukar bido mai ruwan ɗorawa da ya cika su ajiye wani. A kai shi wata tasha a juye a manyan tankuna, a rufe har wata guda, sannan a ɗura a koren bido a sayar wa masu garka. Launin bidon shi ke shaida cewa abin ya cika kwanakinsa. An raɗa masa suna da harshen Mosi, birg-koom, ma'ana takin ruwa, busasshen kuma birg-koenga. A lokacin gida yana biyan sefa 300 a wata, wato dala sittin, koren bido kuma ana sayar da shi sefa 100, dala ashirin ke nan. Masu garkar da suka gwada a kan tumatir da shu da sauran kayan miya sun samu amfanin da ya yi kafaɗa da kafaɗa da na yuriya.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Kuɗin da ake tarawa daga gidaje da masu garka bai isa ya biya masu amalanke da abincin jakuna da gyaran tankuna ba, sai da tallafi. Dalili kuwa a fili yake: fitsari ruwa ne mai nauyi. Azot ɗin da ke cikin buhun yuriya ɗaya, kafin a same shi a fitsari sai an yi jigilar bido wajen ɗari biyu. Ga shi kuma mutane kullum suna fitarwa, shuka kuwa lokaci gare ta, sai an samu wurin ajiya mai yawa. A ganina wannan shi ne babban darasin Wagadugu. Gina salanga abu ne mai sauƙi in akwai mai ba da kuɗi. Wanda zai zo ranar Talata ya ɗauki bido shekara da shekaru, shi ne abin nema. Kuma bai kamata a sa ran cinikin taki kaɗai ya riƙe shi ba, kamar yadda ba a sa ran kwasar shara ta biya kanta. Aiki ne na ma'aikatar magajin gari, kuɗin taki ragi ne kawai.

Akwai kuma gidajen haya masu ɗaki goma da tsakar gida kamar tafin hannu, inda babu wurin akwati biyu. Don irin waɗannan, wata ƙungiya mai suna SOIL da aka kafa a ƙasar Haiti a 2006 ta bi wata hanya a birnin Cap-Haïtien: bokiti mai murfi a ƙarƙashin mazauni, ana rufe abin da busasshen ɓawon tsiro, ma'aikata su zo kowane mako su musanya shi, su kai bayan gari a tara shi tsibi har ya yi zafi ya ruɓe ya zama taki cikin watanni. Nan ma dai jigila ce ƙashin bayan aikin.

Agiye da Maraɗi

Maganar ta iso ƙasar Hausa ta yankin Agiye a jihar Maraɗi, wajen 2008 zuwa 2010, a wani shiri na asusun FIDA tare da CREPA da wata cibiyar bincike ta Stockholm a ƙasar Suwidin. A can ne aka yi wa abin suna da Hausa, takin ruwa da taki busasshe. Kayan aikin ba su wuce bido da mazurari ba, sai mataccen ƙwan lantarki da ake ɗorawa a bakin mazurarin: in an zuba ya taso, in an gama ya koma ya toshe, wari ba ya fita, ƙarfin takin ma ba ya tsira.

Bayan haka matan tarayyar manoma ta FUMA Gaskiya a Maraɗi suka ɗauki abin da kansu. Su ne ake ba gonaki mafi nisa da rashin ƙarfi, su ne kuma ba su da kuɗin buhu. Suka sa masa suna Oga, domin a iya maganarsa a bainar jama'a ba tare da an sunkuyar da kai ba. Daga 2014 zuwa 2016 an yi gwaji 681 a gonakin matan tare da masanan cibiyar INRAN da na jami'ar Hohenheim ta Jamus, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna hatsin da aka ba Oga ya fi wanda ba a ba shi ba da kimanin kashi 30 cikin 100. Ga matar da rumbunta ke ƙarewa tun kafin bazara, wannan ƙari abincin makonni ne. Waɗannan mata Musulmi ne masu salla kamar iyayenmu, kuma ba a birni suke ba, amma mai garka a gefen Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ya fi kusa da halinsu fiye da na Wagadugu, tunda gidansa da shukarsa ba su da nisa.

Abin da littattafanmu suka ce

Mu koma zauren Liman. Ni ba mai fatawa ba ne, abin da na ji kuma na karanta a gaban mahaifina shi zan kawo, wanda ya fi ni sani ya gyara mini.

Da farko, babu saɓani cewa fitsarin ɗan Adam da bayan gidansa najasa ne. Canza masa suna ba ya canza hukuncinsa, ajiye shi wata uku a bido ma ba ya mayar da shi mai tsarki. Takin ruwa in ya taɓa tufa ko jiki sai an wanke kafin a yi salla, kuma kowa ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da azabar kabari ga wanda ba ya kiyaye kansa daga fitsari. Duk ma'aikacin da ya ce wa mutane abin ya tsarkaka don ya kwana biyu, ya haɗa maganar likita da ta malami, alhali kowacce da ma'aunin ta. Likita yana duban ƙwayar cuta, malami yana duban hukunci.

Na biyu, shukar da ta sha najasa. Shehu Halil a cikin Muhtasar, a wurin da yake jera abubuwa masu tsarki, ya ambaci shukar da aka shayar da najasa, a jere da giyar da ta rikiɗe ta zama khal. Dalili shi ne tsiro ba ya ɗauko najasa yadda take, yana juya ta ta zama ganye da ƙwaya, abin da malamai ke kira istihala, wato rikiɗar abu daga asalinsa zuwa wani abu dabam. Abin da ya rage shi ne a wanke bayan ganyen in najasar ta taɓa shi. Hanafiyya da Shafi'iyya ma sun tafi a kan halaccin cin irin wannan amfani. Hanbaliyya ne a mashahurin zancensu suka tsananta, suka ce sai an bi shukar da ruwa mai tsarki har alamar najasa ta gushe.

Na uku, yin amfani da najasar kanta. Ƙa'idar Muhtasar ita ce ana amfani da abin da najasa ta shafa, ban da a masallaci ko a cikin abincin mutum, amma ba a amfani da ainihin najasa. To a daidai nan ne mahaifina ya sa yatsa a kan sharhin Dardiri, inda ya kawo abubuwan da aka togace daga wannan ƙa'ida, kuma a cikinsu ya ambaci zuba bayan gida cikin ruwa domin shayar da shuka, ya ce ya halatta. Shehu Dardiri malamin Azhar ne da ya rasu fiye da shekara 200 da suka wuce. Ashe tambayar da muke tsammani Turawan shiri ne suka zo da ita, tana nan cikin littafin da ke kan shantar kowane zaure. An ma ruwaito cewa sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana takince gonarsa da irin wannan, an kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yana shardanta wa masu hayar gonarsa kada su yi. Saɓanin tsoho ne, kuma kowane ɓangare yana da magabaci.

Na huɗu shi ne ciniki, nan ne maganar ta fi tsauri. Sharaɗin abin sayarwa a mazhabarmu ya kasance mai tsarki. Shehu Haɗɗabi a sharhinsa na Muhtasar ya kawo zantuka huɗu game da sayar da bayan gida: hani, wanda shi ne abin da mafi yawa suka fahimta daga Imamu Malik, da karhanci, da halacci, zancen Ibnul Majishun, da kuma halacci idan akwai larura, zancen Ash'habu. Ibnu Asim ma a cikin Tuhfa ya ambaci rangwamen da aka yi game da takin dabbobi saboda larura. Abin da mahaifina ya ce wa dattijon shi ne, in zai iya tara na gidansa ya huta da saɓani. In kuwa sai ya karɓa daga hannun wasu, to ya ƙulla da su a kan ladan ɗauka da ajiya da kawowa, domin ijara a kan kwashe najasa halal ce, da ma ana biyan masu yasar salanga. Allah Shi ne Mafi sani.

Akwai wani ɓangare na shari'a da muke mantawa idan ana wannan muhawara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a kan hanyar mutane da inuwarsu da mashayarsu, ya kuma hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Ramin da aka tona a bakin ƙofa a lungunmu ya haɗa hanya da mashaya gaba ɗaya. Ban taɓa jin wanda ya zo zaure ya tambayi hukuncinsa ba. Haka nan duk wanda ya san Yamai ya san garaken kwarin Gunti Yena, ya kuma san irin ruwan da ke bi ta cikinsa. Salatin da ake shayarwa da ruwan kwata muna saye muna ci ba tare da fatawa ba, sai wanda aka ce an ajiye takinsa an rufe an ƙidaya masa kwanaki shi ne muke ƙyama. Najasar birni tana isa ga abincinmu ko mun so ko mun ƙi. Abin da ke hannunmu shi ne ta isa bayan an kashe cutar da ke cikinta, ko ta isa ɗanya.

Sharuɗɗan likitoci

Halacci ba ya ɗauke wajibcin kiyaye lafiya, kuma a nan ƙa'idojin da OMS ta fitar a 2006 su ne madogara. Fitsari in an rufe shi ruf a bido, sinadarin da ke cikinsa yana juyewa ya zama amoniya, wannan mai hawa kai, ita ce ke kashe ƙwayoyin cuta, zafin ƙasarmu kuma yana taimaka mata. Wata ɗaya shi ne mafi ƙaranci, matan Maraɗi suna barinsa wata biyu zuwa uku. Idan daga gidaje da yawa aka tara shi, kuma za a ba abin da ake ci ɗanye kamar salati, to wata shida ake so. Ba a watsa shi a kan ganye. Ana tona ɗan gurbi a gefen tushe, tazarar kamar tafin hannu, a zuba a rufe da ƙasa, a bi da ruwa. Ba a ba tsiron da bai yi ƙwari ba, yana ƙone shi, kuma in an cika shi a wuri ɗaya gishiri yana taruwa. A daina zubawa wata guda kafin girbi. Kada kuma a kusantar da shi ga tafki ko gulbi, saboda ƙwan tsargiya ta fitsari yake fita, a ruwa yake samun dodon koɗin da yake rayuwa a cikinsa.

Taki busasshe ya fi bukatar haƙuri, domin ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai ƙwarai. Wata shida da toka shi ne iyakar gaggawa, shekara guda ta fi aminci. A binne shi cikin ƙasa kafin shuka, a fi ba itatuwa da hatsi da dawa, a nisantar da shi daga karas da albasa da duk abin da ake ci ba a dafa ba. Mai aikin ya sa safar hannu da takalmi, ya wanke hannu da sabulu. Ra'ayina shi ne gidan da bai saba ba ya fara da takin ruwa kaɗai, wanda bido da mazurari sun ishe shi, ya bar maganar akwati sai ya ga kowa a gidan, har yara da baƙi, zai iya kiyaye toka da gurbin tsarki. Salanga mai raba hanya in an yi mata sakaci ta fi ta gargajiya muni.

Saura maganar samarin nan biyu da suka kwana suna kwasa da bokiti. Ba safa, ba takalmi, kuma da gari ya waye ba mai son ya ba su hannu. Kowace hanya aka bi, ta mota ko ta amalanke ko ta bokiti mai murfi, sai an samu mai ɗauka, kuma aikinsa farilla ce ta kifaya da yake sauke wa unguwa duka. Ina roƙon kwamitin ƙungiyarmu ya sa wannan a ajandar zamansa: kayan kariya ga masu wannan aiki a unguwanninmu, da tsayayyen lada da za a daidaita a kai, da kuma neman ma'aikatar magajin gari ta ware musu wurin juyewa a bayan gari, yadda ba sai sun jira dare ba.

Dattijo mai garka ya sake biyowa ta zaure bayan Sallar Layya. Ya ce yanzu bido uku gare shi a bayan bukkar garka, kowanne ya rubuta masa ranar da ya rufe shi da gawayi, kuma ya ware kunya biyu na tumatir don ya gwada su da sauran. Mahaifina ya tambaye shi tufafin da yake aikin da su. Ya ce tsohuwar riga ce da wando, a can yake rataye su a jikin bedi, sai ya yi wanka ya sauya kafin ya taho azahar.